Narwal, Dabbar Teku Mai Haure Ɗaya Wadda Ta Ruɗi Sarakunan Turai

A Kopanhagen, babban birnin ƙasar Danemark, cikin wata tsohuwar fada da ake kira Rosenborg, akwai wata karagar mulki fara sol wadda aka gama ƙerawa a shekara ta 1671. A kanta aka riƙa naɗa sarakunan ƙasar har zuwa shekara ta 1840. Labarin da ya bazu cikin jama'a shi ne wai da ƙahonin wani farin doki mai ƙaho ɗaya a goshi aka yi ta, dokin da kowa ya ji labarinsa amma ba wanda ya taɓa ɗaura masa linzami. Gaskiyar magana ita ce babu dokin, abin da aka yi karagar da shi kuma ba ƙaho ba ne. Haƙori ne na wata dabbar teku da ke zaune a ƙuryar arewacin duniya, ƙarƙashin ƙanƙara. Sunan wannan dabba narwal.

Shekaru ɗaruruwa aka yi ana sayen haƙorin nan da kuɗin da ya fi nauyinsa na zinariya. Yau ƙaryar ta ƙare, amma dabbar ta shiga wani sabon hali: ƙanƙarar da take fakewa a ƙarƙashinta tana narkewa, jiragen ruwa suna kutsawa cikin mazauninta, mutanen da ke ci daga gare ta kuma suna cikin zullumi.

Wane ne narwal?

Wanda ya ga hotonsa zai ce kifi ne, amma ba kifi ba ne. Yana cikin dangin manyan dabbobin tekun da ake kira balen. Da huhu yake numfashi, jininsa mai ɗumi ne, macen tana haihuwa, tana kuma shayar da ɗanta nono, kamar yadda ayu yake yi a kogin Kwara. Hancinsa ƙofa ce guda a tsakiyar kai, saboda haka dole ne ya riƙa tasowa saman ruwa ya shaƙi iska, in kuwa bai samu hanya ba sai ya mutu kamar yadda mutum ke nitsewa.

Tsawon babban narwal yakan kai metir 4 zuwa 5 da ɗoriya, ban da hauren. Namiji ya fi mace girma, nauyinsa yakan kai kilo 1,600, wato buhun gero 16 na kilo ɗari-ɗari. Macen tana ɗaukar ciki wajen wata 14, ta haifi ɗa guda mai tsawon metir ɗaya da rabi, ta shayar da shi fiye da shekara. Galibi sai bayan shekara uku take sake haihuwa. Wannan shi ya sa in garkensu ya ragu, yakan daɗe bai komo ba. Narwal yakan yi shekara 50, masana kuma sun ƙiyasta cewa wata mace da aka kama a Girinland ta haura shekara 100.

Fatarsa dabbare-dabbare ce, fari da toka-toka, tana ƙara fari in ya tsufa. Daga nan sunansa ya samo asali. A tsohon harshen mutanen Norwe, kalmar tana nufin balen mai kama da gawa, don matuƙan jiragen ruwa sun ga launinsa ya yi kama da na wanda ruwa ya ci. A shekara ta 1758 masanin halittu ɗan ƙasar Suwidin, Karl Linne, ya raɗa masa sunan ilimi Monodon monoceros, ma'ana mai haƙori ɗaya, mai ƙaho ɗaya.

Ba a samunsa ko'ina sai Tekun Arktik, musamman tsakanin arewacin Kanada da tsibirin Girinland, da kaɗan a wajen tsibiran Norwe da na Rasha. Da rani, in ƙanƙara ta saki, yakan shiga lungunan teku kusa da gaɓa. Da sanyi ya kama sai ya yi tafiyar fiye da kilometir 1,000 zuwa tsakiyar mashigin Bafin, inda ƙanƙara ke rufe teku har abin da ya rage a buɗe bai kai kashi 5 cikin 100 ba, rana kuma takan yi watanni ba ta fito ba. A ƴan tsage-tsagen ƙanƙarar nan yake samun numfashi. Kitse mai kaurin santimetir 5 zuwa 10 ne bargonsa. Ba shi da ƙayar baya irin ta kifi, saboda haka yana iya bin ƙarƙashin ƙanƙara ba tare da ya goge ta ba.

A lokacin sanyi ne yake cin yawancin abincinsa na shekara. Yana nitso har zurfin metir 1,500, wato fiye da gaba 800, ya yi minti 25 bai shaƙi iska ba, kuma yana maimaita nitso mai zurfi sau 15 ko fiye a yini. A wannan zurfi ruwa yana danna kowane santimetir murabba'i na jikinsa da nauyin kilo 150. Haƙarƙarinsa masu lanƙwasuwa ne, huhunsa yana tsukewa, namansa kuma baƙi ne ƙirin saboda yawan iskar numfashi da yake ajiyewa. Can ƙasa babu haske ko kaɗan. Da sauti yake gani: yana fitar da ƙara, ta daki abu ta komo, daga amsa-kuwwar ya gane girman abin da nisansa. Abincinsa kifaye ne da jatanlande da makamantansu, kuma zuƙe su yake yi ya haɗiye, don ba shi da haƙoran tauna a baki.

Haƙori ne, ba ƙaho ba

Narwal yana da fiƙa biyu a muƙamuƙin sama. A wurin namiji, ta hagu ita ce take huda leɓe ta fito waje, ta miƙe sambal gaba, ta yi ta tsawo muddin ransa, har ta kai metir 2 zuwa 3, wato kamu shida in ta cika, nauyinta kuma ya kusa kilo 10. Ta dama takan tsaya a ɓoye cikin ƙashi. Wajen namiji ɗaya cikin 500 ne yake fitar da duka biyun. Mata ƴan kaɗan ne suke da haure, nasu kuma ya fi gajarta da siranta. A birnin Hambur na Jamus akwai ƙoƙon kan wani narwal mai haure biyu da aka kawo tun shekara ta 1684.

Hauren a murɗe yake kamar igiyar da aka tuƙa, kuma kullum hagu murɗin yake bi, ko da a wurin mai haure biyu. Cikinsa rami ne mai ɓargo da jijiyoyi. Ga shi da ƙarfi, ga shi da lanƙwasuwa: dogon haure yana iya karkatawa wajen santimetir 30 bai karye ba.

Abin da ya fi ba masana mamaki shi ne gininsa. Haƙorin mutum yana da farin rufi mai tauri a waje, wanda ke tsare jijiya daga zafi da sanyi. Na narwal ba shi da wannan rufi. Bayansa cike yake da ƙananan kafofi da ido ba ya gani, wajen miliyan 10, waɗanda suka ratsa har zuwa jijiyar tsakiya. Wanda haƙorinsa ya taɓa rubewa ya kurɓi ruwan randa da sanyin safiya ya san abin da buɗaɗɗiyar jijiya take nufi. To, narwal da irin wannan haƙori yake yawo cikin ruwan da ya kusa daskarewa.

Mene ne amfaninsa?

An daɗe ana gardama a kan wannan. Wasu sun ce da shi yake fasa ƙanƙara, wasu sun ce mashi ne na sukar kifi, wasu sun ce da shi yake tonon ƙasan teku. Duk waɗannan maganganu suna da tangarɗa guda: yawancin mata ba su da haure, amma suna ci suna ƙoshi, suna numfashi a wuri ɗaya da maza, har sun fi su tsawon rai. Ke nan ba sai da haure ake rayuwa ba.

Tun a shekara ta 1871 masanin Ingila Charles Darwin ya kawo ra'ayin cewa hauren ado ne da makamin maza, kamar zankon zakara ko ƙahon rago. Binciken da Zackary Graham da abokan aikinsa suka buga a shekara ta 2020 ya ƙarfafa wannan. Sun duba awon maza 245, suka ga cewa maza masu girman jiki ɗaya suna iya bambanta ƙwarai wajen tsawon haure, kuma hauren yana girma fiye da yadda sauran jiki yake girma. Haka kayan taƙama suke a wurin dabbobi. Ana yawan ganin maza suna ɗaga haurensu sama da ruwa suna goga wa juna, ana kuma samun tsofaffi da tabo a goshi da karyayyen haure.

Wani likitan haƙori na jami'ar Harvard a Amurka, Martin Nweeia, ya bi wata hanya dabam. Shi da mutanensa sun riƙa zuba wa hauren rayayyun dabbobi ruwa mai gishiri da yawa, sa'an nan ruwan daɗi, suna auna bugun zuciya. Sakamakon da suka bayar a shekara ta 2014 ya nuna zuciyar tana sake gudu in gishirin ruwan ya sake. Wato hauren yana ji. A shekara ta 2017 kuma aka nuna wani hoto mai motsi da aka ɗauka da ɗan jirgin sama maras matuƙi a arewacin Kanada, inda aka ga narwal yana bugun kifi da haurensa, kifin ya sume, ya haɗiye shi. Yawancin masana a yau sun tsaya a kan cewa asalin amfanin hauren shi ne gasar maza wajen neman mata, sauran kuwa ƙari ne.

Yadda haƙori ya zama ƙaho

Labarin dabba mai ƙaho ɗaya ya girmi cinikin hauren narwal. Wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa, wani likita Bagirke mai suna Ktesiyas, wanda ya yi aiki a fadar sarkin Farisa, ya rubuta cewa a ƙasar Hindu akwai jakin jeji mai ƙaho ɗaya, kuma duk wanda ya sha ruwa da ƙahon, guba ba ta cinsa. Masana da dama suna ganin labarin karkanda ne ya iso kunnensa a gurguje. Kalmar karkanda kanta Hausa ta aro ta ne daga Larabci, karkaddan. Aristotal kuma ya lissafa warwaji cikin dabbobi masu ƙaho ɗaya, mai yiwuwa don in an hango shi ta gefe ƙahoninsa biyu sukan haɗe kamar guda. Sannu a hankali Turawa suka mai da dabbar farin doki, Faransawa suna kiransa likorn.

Labari ya samu, saura kaya. Wajen shekara ta 985 wasu mutanen arewacin Turai, ƙarƙashin jagorancin Erik Ja, suka kafa ƙauyuka a Girinland. Babban abin cinikinsu shi ne hauren wata dabbar teku da ake kira mors, amma hauren narwal ma ya riƙa biyo jiragensu zuwa Turai. Kafin ya isa fadar sarki ya ratsa hannun fatake da yawa, mai saye na ƙarshe bai san inda ya fito ba, mai sayarwa kuwa ba shi da riba in ya faɗa. Da aka ga abu fari, dogo, miƙaƙƙe, a murɗe, wanda bai yi kama da na kowace dabbar tudu ba, sai aka ce ai wannan shi ne ƙahon likorn. Tun daga nan masu zane suka riƙa yi wa dokin nan murɗaɗɗen ƙaho.

Abin da ya tsawwala kuɗinsa shi ne tsoro. A fadojin Turai na wancan zamani sa guba cikin abinci hanya ce ta kawar da abokin gaba. Sarakuna suka riƙa sa a sassaƙa musu kofuna da hauren, ko a tsoma guntunsa cikin abinci kafin su ci. Masu magani suna kankare shi su sayar da garin don farfaɗiya da zazzaɓi da annoba. A shekara ta 1533 Paparoma Kileman na 7 ya ba Sarkin Faransa Faransuwa na 1 kyautar guda da aka yi wa ado da zinariya. A Biyana, babban birnin Ostiriya, akwai wani mai tsawon santimetir 243, wanda ƴaƴan Sarki Ferdinan na 1 suka yi yarjejeniya a shekara ta 1564 cewa ba za a sayar da shi ba, ba za a ba da shi jingina ba, ba za a kyautar da shi ba har abada. A shekara ta 1577 matuƙin jirgin ruwa na Ingila Martin Frobisher ya tsinci mushen narwal a gaɓar arewacin Kanada. Mutanensa suka zuba gizo-gizo cikin ramin hauren, da suka ga sun mutu sai suka ce lalle maganin dafi ne, aka kai wa Sarauniya Elizabet ta 1, aka ajiye cikin taskarta.

Ramin ƙarya ƙurarre ne

Cikin waɗanda suka fara ƙaryata maganar har da Ambroise Paré, likitan fiɗa na sarakunan Faransa. A shekara ta 1582 ya buga wani ɗan littafi a kan batun. Ana cewa in an jiƙa ƙahon cikin ruwa aka zana da'ira da ruwan, kunama ko gizo-gizo ko kwaɗo ba za su ƙetare ba. Paré ya gwada, suka ƙetare abinsu, ba abin da ya same su. Manyan likitocin Paris suka yi masa ca, amma bai janye ba.

A shekara ta 1638 wani likita ɗan Danemark, Ole Worm, ya kawo hujjar da ba ta da ja. Ya samo ƙoƙon kan narwal da hauren a dashe cikinsa, ya nuna wa masana. Gani ya kori ji. Duk da haka jama'a ba su saki abin nan take ba. Karagar Danemark ma bayan binciken Worm da shekara 30 da ɗoriya aka ƙera ta. Sai da jiragen farautar balen suka riƙa kawo hauren da yawa kasuwa ta faɗi, likitoci kuma suka cire shi daga jerin magunguna a cikin ƙarni na 18.

Mutanen da ba a taɓa ruɗa ba

Duk tsawon wannan zamani akwai al'ummar da ta san gaskiya, wato Inuwit, mazauna arewacin Kanada da Girinland, waɗanda a da baƙi ke kira Eskimo. A galibin ƙasarsu ba a noma, itace ma ba ya tsirowa. Teku ita ce gonarsu. Fiye da shekara dubu suna farautar narwal. Fatarsa haɗe da kitsen da ke ƙarƙashinta, wadda suke kira mattak, ita ce abincin da suka fi so, kuma tana ɗauke da bitamin C, wanda mutanen wasu ƙasashe ke samu daga lemo da ganye. Naman na mutane ne da karnukan da ke jan kekunansu na kan ƙanƙara. A da kitsen shi ne man fitila, jijiya ita ce zaren ɗinki, hauren kuma shi ne sandar mashi da dirkar tanti.

A Kanak, can arewacin Girinland, har yanzu maharbi yakan shiga ɗan siririn kwalekwale na mutum ɗaya da ake kira kayak, ya yi sa'o'i yana jira shiru, sa'an nan ya jefa mashi mai igiya, don dokar garin ta hana farautar narwal da jirgi mai inji a cikin lungun tekunsu. A wasu wurare da bindiga ake yi. In an haɗa ƙasashen biyu, wajen narwal 1,000 ake kamawa a shekara. Kuɗin haure yana taimaka wa maharbi sayen mai da harsashi a wuraren da aikin albashi ya yi ƙaranci, kayan kanti kuma suke da tsada ƙwarai. Da aka kafa yankin Nunabut a shekara ta 1999, inda Inuwit ke da rinjaye, an sa hoton narwal a tambarin yankin.

Hatsarin da ke tafe

A shekara ta 2017 ƙungiyar duniya mai kula da kare halittu, UICN, ta ƙiyasta cewa akwai manyan narwal wajen 123,000, ta kuma sa shi cikin dabbobin da ba a fargabar ƙarewarsu nan kusa. Amma jimilla takan ɓoye abin da ke ƙasa. Narwal garke-garke ne, kowane garke da wurin da yake komawa kowace shekara, ba ya sakewa. A gabashin Girinland garkunan sun ragu har masanan hukumar NAMMCO suka ba da shawara tun shekara ta 2019 a tsai da farauta ɗungum a kudu maso gabashin tsibirin. Maharban wurin sun ce lissafin bai yi daidai da abin da suke gani ba, hukuma kuma ta ci gaba da ba da izinin kama wani adadi.

Babbar damuwa ita ce ɗumamar duniya. Daga 1979 zuwa 2021 yankin Arktik ya ɗumama kusan ninki huɗu na sauran duniya. Faɗin ƙanƙarar da ke saura a watan Satumba yana raguwa da wajen kashi 12 cikin 100 kowace shekara goma. A shekara ta 2012 ya sauko har kilometir murabba'i miliyan 3.4, wajen rabin abin da aka saba gani a shekarun 1980. Ƙanƙara ita ce garkuwar narwal daga babban maƙiyinsa, wani balen mai cin nama da ake kira orka, wanda doguwar ƙayar bayansa ke hana shi shiga cikinta. Yanzu orka yana isowa da wuri, yana kuma daɗewa.

Ƙanƙarar da ke tsare shi ita ce kuma takan zame masa tarko. In iska ta kwanta, sanyi ya sauko farat ɗaya, sai tsage-tsagen su daskare, ɗaruruwan dabbobi su taru a ƙofa guda suna turereniyar numfashi. A shekara ta 1915 fiye da 1,000 suka maƙale haka a mashigin Disko. A watan Nuwamba na 2008 fiye da 600 suka maƙale kusa da garin Pond Inlet, hukuma ta ba maharba izinin kashe su don babu hanyar ceto.

Sai kuma ƙara. Dabbar da ke gani da kunne, hayaniya makanta ce gare ta. Binciken Terrie Williams da aka buga a shekara ta 2017 ya nuna cewa in narwal ya firgita, bugun zuciyarsa yakan sauko daga wajen 60 a minti zuwa 3 ko 4, alhali kuwa yana gudu iyakar ƙarfinsa. A tsibirin Bafin, tun shekara ta 2015 manyan jirage ke ɗaukar tamar ƙarfe daga mahaƙar Mary River, suna ratsa lungun tekun da narwal ke yin rani. Ƙidayar 2004 ta samu wajen 20,000 a wurin, ta 2021 kuwa ba ta kai 3,000 ba. Maharba sun ɗora laifin a kan jirage, kamfanin ya ce akwai wasu dalilai, wasu masana kuma suna ganin dabbobin ƙaura suka yi zuwa wani lungu. A watan Fabrairu na 2021 maharba suka tare filin jirgin saman mahaƙar har mako guda. A watan Nuwamba na 2022 gwamnatin Kanada ta ƙi amincewa da shirin ninka haƙar daga ton miliyan 6 zuwa 12 a shekara.

Ba kuma za a ce a kai shi gidan ajiye dabbobi a tsare iri ba. An gwada a New York a 1969, aka sake gwadawa a Bankuba a 1970, duk waɗanda aka kama suka mutu cikin ƴan watanni.

Haure mai ba da shaida

Kowace shekara hauren yana ƙara sabon ɓawo, kamar zoben da ake gani in an sare gindin itace. Abin da dabbar ta ci a shekarar yana barin alama a ciki. Masanin Danemark Rune Dietz da abokan aikinsa sun tsaga haure 10, suka karanta tarihin shekarun 1962 zuwa 2010. Sun bayyana a 2021 cewa wajen 1990, da ƙanƙara ta soma ja da baya, abincin narwal ya sake daga kifayen ƙarƙashin ƙanƙara zuwa na buɗaɗɗen teku. Sun kuma ga zaiba tana ƙaruwa a jikinsa, ƙaruwar ta tsananta bayan shekara ta 2000.

Zaibar nan daga nesa take zuwa. Iska ce ke ɗauko ta daga masana'antun da ke ƙona gawayin ƙasa da kuma wuraren haƙar zinariya ta hannu, inda ake ƙona ta don a ware zinariya. Wannan sana'a, wadda ake yi a Afirka da Asiya da Amurka ta Kudu, ita ce ta fi kowace sakin zaiba cikin iska a duniya. Mai ƙonawa shi ne ya fara shaƙa, sauran ta bi iska ta faɗa teku, ta shiga kifi, ta shiga narwal, ta ƙare a akushin Inuwit. Don rage wannan ne aka ƙulla yarjejeniyar Minamata a shekara ta 2013, Nijar kuma tana cikinta.

Abin da doka ta ce

Yarjejeniyar CITES, wadda aka sa wa hannu a Washinton a 1973, Nijar kuma ta shiga a 1975, ita ce ke tsara cinikin dabbobin dawa da sassan jikinsu tsakanin ƙasashe. Narwal yana cikin rukuni na biyu, wato ba a hana cinikin haurensa ba, amma ba ya ƙetare iyaka sai da takardar izini daga ƙasar da ya fito. A Kanada Inuwit kaɗai ke da izinin farautarsa, kowane haure kuma sai an ɗaura masa lamba. Girinland ta ƙayyade adadin kamu a 2004. Amurka ta hana shigo da shi tun 1972. Duk da haka ba a rasa masu fasa-ƙwauri ba. Wani tsohon jandarma na Kanada ya yi shekaru yana ɓoye haure a cikin motarsa yana wucewa gaban ma'aikatan duwan, har ya shigar da fiye da 250 Amurka. A shekara ta 2017 aka yanke masa hukuncin shekara 5 da wata 2 a gidan kaso.

Abin lura

Mutumin Sahel bai taɓa ganin narwal ba, amma ya san sauran dabbobin da aka jingina wa labarin ƙaho ɗaya, ya kuma san makomarsu. Warwaji, wanda a da yake yawo garke-garke a arewacin Nijar, farauta da mota da bindiga da kuma fari sun ƙarar da shi a ƙasar cikin shekarun 1980. A shekara ta 2000 aka bayyana cewa babu sauransa a daji ko'ina. Sai a 2016 aka soma mai da shi jejin Cadi daga waɗanda aka kiwata a tsare, da kuɗi mai yawa da wahala. Baƙin karkandan Afirka ta Yamma, wanda ragowarsa ta ƙarshe ke arewacin Kamaru, an tabbatar da ƙarewarsa a 2011, saboda masu neman ƙahonsa don magani, alhali ƙahon da farce da gashi duk abu ɗaya ne.

Narwal ya tsira daga kwaɗayin sarakuna saboda nisa da sanyi sun tsare shi. Yau nisan ya ragu, sanyin ma yana raguwa. Bambancinsa da warwaji shi ne har yanzu yana nan da yawa, kuma in abu ya ɓaci ba za a iya kiwonsa a tsare a mai da shi ba. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. A wurin narwal, rigakafin kaɗai ake da shi: a ƙidaya garke-garke, a tsai da kamu daidai da haihuwa, a rage gudun jirage da hayaniyarsu a wuraren da yake renon ƴaƴansa, a kuma saurari maharban da suka san shi tun kafin masana su san sunansa.